Kuzar Jos da Kumbon Zuwa Wata: Ina Gaskiyar Kimiyya a Ƙagaggun Labarai?

A shekarar 1969, shekarar da Neil Armstrong ya ɗora ƙafarsa a kan wata, kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya fitar da wani ɗan littafi na Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya. Labarin wani yaro ne, Kilba, da ya gamu da wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo, baƙon ya ɗauke shi suka shiga yawo a sararin samaniya. Littattafan da suka gabace shi, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, su ma sukan kai mai karatu ƙasashen da ido bai taɓa gani ba, amma da ƙarfin aljanu da sihiri ake zuwa. Dembo ya ɗaga kai ya dubi taurari, a daidai lokacin da zancen roka da 'yan sama jannati ya cika akwatunan rediyo. Yau sama da shekara 50 ke nan, kuma gonar da ya share ba ta sami manoma da yawa ba a cikinmu.

Amma fa ƙishirwar irin wannan labari ba ta gushe ba. Duk wanda ya ratsa layin 'yan gwanjo a kasuwar Katako da safe, lokacin da ake yanka dila, zai ga yadda samari ke wawason riguna masu tambarin NASA da masu hoton jaruman fina-finan sararin sama. Da yamma su ne a gindin mai shayi, kai a haɗe kan waya ɗaya, ana kallon fim mai fassarar Hausa inda kumbo ke tsallaka taurari cikin ƙiftawar ido. Daga nan sai gardama ta kaure. Wani ya ce duk ƙaryar Turawa ce, har zuwa watan ma a ɗakin shirya fim aka yi shi. Wani ya ce ai duk abin da ka gani a fim sun riga sun ƙera shi, ɓoyewa kawai suke yi. Maganganun nan biyu suna damuna, domin tushensu ɗaya: babu ma'aunin da za a auna labarin da shi. Wanda ya ƙaryata komai da wanda ya gaskata komai, dukansu sun bar wa wasu aikin tunani. Alhali ma'aunin yana nan, kuma wani ɓangare nasa a ƙarƙashin ƙafafunmu yake a nan Jos.

Bari mu fara da abin da ya raba ƙagaggen labarin kimiyya da tatsuniya. A cikin Dare Dubu da Ɗaya akwai aljanin da ke ɗauke mutum daga wannan gari zuwa wancan kafin gari ya waye, akwai kuma dokin katako da wani masani ya ƙera, wanda ake murɗa masa wani ɗan maɓalli ya tashi, a murɗa wani ya sauka. Aljani ba a tambayarsa yadda ya yi. Doki kuwa ƙira ne, don haka yana jawo tambaya: me ke ɗaga shi, me yake ci, wa zai gyara shi in ya lalace? Ɗan sarkin da ya hau shi bai san maɓallin sauka ba, ya kusa halaka. Marubucin labarin kimiyya mutumin dokin nan ne. An yarje masa ya ƙaga abu ɗaya ko biyu da babu su, amma da zarar ya ƙaga, dole ya bi dokokin da Allah ya shimfiɗa wa halitta a sauran labarin, ya kuma biya kuɗin abin da ya ƙaga. A wurina, darajar littafi irin wannan tana tafiya ne da yadda marubucinsa ya mutunta lissafi.

Jules Verne, Bafaranshe, shi ne misalin da ya fi fitowa fili. Littafin da ya fara fito da sunansa, na 1863, labarin wasu Turawa uku ne da suka ratsa Afirka a cikin balan-balan, suka bi ta kan Tafkin Chadi da Agadas da Tambutu. Da rahotannin matafiya irin su Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya gina shi. A 1865 ya rubuta labarin tafiya wata. Ya sa an harba mutum uku daga jihar Florida ta Amurka, ya kuma sa gudun da ake bukata don a kuɓuce wa jan ƙasa ya kai wajen kilomita 11 a daƙiƙa ɗaya. Bayan shekara 104, Apollo 11 ya tashi daga Florida da mutum uku, kuma adadin da masana ke amfani da shi har gobe shi ne kilomita 11.2 a daƙiƙa. Mutane kan ce Verne ya yi duba. Ba duba ya yi ba. Ya san cewa harbi daga kusa da tsakiyar duniya ya fi dacewa, ya dubi taswirar Amurka, ya sa aka yi masa lissafi da dokokin Isaac Newton waɗanda suka girme littafin da kusan shekara 200.

Inda ya yi kure ya fi koyar da mu. Da igwa ya harba mutanensa, igwa mai tsawon mita 274. In za a kai abu gudun kilomita 11 a daƙiƙa cikin wannan ɗan tsawo, nauyin da zai danne fasinja ya haura nauyin jikinsa sau 20,000. Matuƙin jirgin yaƙi, da horo da rigar musamman, ninki 9 yake iya jurewa na ɗan lokaci. Da mutanen Verne sun niƙe tun ba su fita bakin igwar ba. Wani malamin makaranta a Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, wanda ya ce littattafan Verne ne suka sa masa wannan tunani, ya zauna da matsalar har ya wallafa mafita a 1903: kada a harba kumbo sau ɗaya, a bar shi ya ɗauki mansa ya riƙa ƙonawa yana ƙara gudu a hankali. Sai dai lissafin nasa ya zo da hukunci mai tsanani, domin man da za a ƙona can gaba shi ma nauyi ne da dole a ɗaga tun daga ƙasa. Roka kamar jakin fatake ne da aka ɗora wa kaya goma, tara daga ciki harawar da zai ci a hanya ce. Saturn V da ya kai mutane wata ya kusa tan 3,000 a lokacin tashi, kuma wajen kashi 90 cikin 100 na wannan nauyi mai ne. Saboda haka in ka ga fim inda ɗan ƙaramin jirgi ke tashi daga wannan duniya ya sauka a waccan ya dawo ba tare da ya sha mai ba, ka san an yi tsallake a nan.

Masu cewa duk wannan harka ta Turawa ce, ba ruwanmu, su tambayi dattawan Kano. Da hukumar NASA ta fara tura mutane su kewaya duniya a shirinta na Mercury, ta kafa tashoshin bin sawun kumbo a wurare daban-daban na duniya, ɗaya daga ciki a Kano. Ranar 20 ga Fabrairun 1962, da John Glenn ya kewaya duniya sau 3, tashar Kano na cikin waɗanda suka yi magana da shi yana wucewa ta sama. Shekara ɗaya da rabi bayan haka, ranar 23 ga Agustan 1963, Shugaba John Kennedy ya yi waya da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2, ta hannun wani jirgin ruwan Amurka da ke tsaye a tashar Legas. Wannan ce hira ta farko da shugabannin gwamnati biyu suka yi kai tsaye ta tauraro, kuma ɗaya daga cikin muryoyin biyu ta mutumin Bauchi ce, maƙwabcinmu.

Tunanin da ya haifi wannan waya marubucin ƙagaggun labarai ne ya yaɗa shi. A watan Oktoban 1945 Arthur C. Clarke ya rubuta maƙala a mujallar Wireless World, ya nuna cewa in aka ajiye tauraro a nisan wajen kilomita 36,000 saman tsakiyar duniya, zai riƙa kewayawa sau ɗaya a yini, daidai da juyawar ƙasa, don haka ga wanda ke ƙasa zai zama a tsaye cak. Guda uku sun isa su haɗa kusan duk duniya. Ka ɗaga kai ka dubi faranten talabijin da ke kan rufin gidaje a Gangare ko Unguwar Rogo: mai saiti ya ɗaure su sau ɗaya, suna kallon wuri ɗaya shekara da shekaru. Lissafin Clarke ne ke aiki. Shi ma akwai abin da ya kuɓuce masa. Ya zaci dole a zuba ma'aikata a cikin taurarin su riƙa canza ƙwayayen rediyo masu ƙonewa, domin ba a ƙirƙiro tiransista ba sai 1947. Marubuci na iya hango abin da dokar da aka sani ta halatta, amma sabuwar ƙirar da ba a yi ba tukuna takan zo masa ta bayan gida.

Yanzu mu dawo gida sosai. A 2018 fim ɗin Black Panther ya karaɗe gari, da labarin wata ƙasar Afirka, Wakanda, mai wani ƙarfe da ake kira vibranium wanda ke shanye duk wani bugu da girgiza. Babu wannan ƙarfe, kuma ba a sa ran samunsa, domin jadawalin sinadarai ba shi da gurbin da ya rage a tsakiya. Masu nauyin da ake ƙerawa a ɗakin gwaji kuwa yawancinsu rugujewa suke yi nan take. Tsohuwar dabara ce ta marubuta. H. G. Wells ya ƙagi wani sinadari mai kare abu daga jan ƙasa don ya kai mutanensa wata a littafinsa na 1901, har Verne ya yi ƙorafi cewa shi da lissafi yake aiki, Wells kuwa ƙage yake yi. Abin da ya ba ni takaici da na ga yaranmu na sha'awar ƙarfen Wakanda shi ne, ba wanda ya gaya musu cewa ƙasar da suke takawa ta taɓa ba duniya ƙarfen da ya yi kusa da wannan mafarki.

Je ka bakin tsofaffin kududdufan haƙar ma'adinai a wajen Bukur ko Barikin Ladi ka tsaya ka kalli mata masu wankin kuza. Mace za ta ɗebi yashi a kwano, ta tsoma a ruwa, ta riƙa juya shi da wuyan hannu, farin yashi na zubewa ta baki, har sai wani baƙin gari mai nauyi ya kwanta a gindi. A cikin baƙin nan akwai kuza, wadda in an narka ake samun dalma. Maƙeran Hausa na Liruwe suna narka ta tun kafin Bature ya zo. Akwai kuma abokin tafiyarta, kolumbait, wanda ido ba ya iya raba shi da ita sai an bi da garin ta injin maganaɗisu. Da farko kamfanonin Turawa datti suka ɗauke shi, suna zubarwa. Daga baya aka gane cewa a cikinsa ake samun ƙarfen niyobiyam, wanda ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 2,477, alhali dalma a digiri 232 take zama ruwa. Da zamanin jirage masu injin jet ya kama, Amurka ta shiga sayensa tana tarawa, kuma a shekarun 1950 Najeriya ce ke samar da mafi yawan kolumbait na duniya, daga wannan tsauni namu. Bakin injin da ya sauke Armstrong da Buzz Aldrin a kan wata da wani haɗin ƙarfe aka yi shi mai suna C-103, wanda kashi 89 cikin 100 nasa niyobiyam ne, domin ya jure wutar roka ba tare da ya yi nauyi ba. Wayoyin da ke naɗe cikin injin hoton jiki na MRI a manyan asibitoci su ma haɗin niyobiyam ne, waɗanda in an sanyaya su ƙwarai lantarki ke ratsa su ba tare da wata turjiya ba. Yau Brazil ce ta mamaye kasuwar, da wajen kashi 90 cikin 100.

Akwai ɓangaren labarin da Wakanda ba ta faɗa ba. A can masu ƙarfe su ne masu ƙira. A nan mun haƙa, wasu suka ƙera. A 1942, da Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila, aka rasa dalmar can, gwamnatin mulkin mallaka ta tilasta wa dubban mazajen Arewa aikin dole a ramukan kuzar Filato, har zuwa 1944. Da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su. Da kasuwar dalma ta duniya ta rushe a 1985, aka bar mana ramuka cike da ruwa, waɗanda har yau suke cin yara da dabbobi. Labarin kimiyya na ƙwarai ba ya tsayawa a kan na'ura. Yakan tambayi wanda ya haƙo, da wanda ya ci riba, da wanda aka bari da rami. Wannan tambaya mu muka fi kowa cancantar rubuta ta.

Yashin da aka bari a bakin ramukan ya kai mu ga wata ƙaryar da fina-finai suka daɗe suna shukawa. Tun daga dodon Godzilla na 1954 zuwa Hulk da Spider-Man, an koya wa yara cewa tiririn nukiliya na mai da mutum ƙato mai ƙarfin tsiya. Gaskiyar ba ta da daɗin ji. Tiririn nan, wanda ba a gani ba a jin ƙanshinsa, yana kakkarya rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin jiki. Kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru yana ƙara haɗarin ciwon daji, mai yawa a lokaci ɗaya yana kisa cikin kwanaki. Marie Curie, wadda ta ci kyautar Nobel sau biyu a kan binciken sinadarai masu fitar da wannan tiriri, cutar jini ce ta kashe ta a 1934. Zancen ya shafe mu kai tsaye, domin cikin ragowar wankin kuza akwai ma'adinin monazait mai ɗauke da toriyam, kuma masu bincike na jami'o'inmu sun sha aunawa suna samun tiririn da ya zarce na ƙasar da ba a taɓa ba, musamman a wuraren da ake tace ma'adinai da tara shararsu. Wanda ya ɗebi wannan yashi ya yi shafen ɗakin kwanansa saboda ya fi araha, ya shigar da abin cikin gida. Ina roƙon magina da masu tifa su ji wannan.

A wannan fage kuma an sami littafin da ya taɓa tarihi da hannunsa. A 1914 Wells ya fitar da The World Set Free, inda ya siffanta bam mai aiki da ƙarfin ƙwayar zarra, bayan ya karanta bayanin masanin sinadarai Frederick Soddy. Leo Szilard, masanin kimiyya ɗan Hungary, ya karanta littafin a 1932, a 1933 kuma tunanin yadda fashewar ƙwaya ɗaya za ta haddasa ta gaba ya zo masa. Shi ne ya tsara wasiƙar da Albert Einstein ya sa wa hannu a 1939 zuwa ga shugaban Amurka. Yawancin yuraniyam ɗin da aka yi aikin bam na farko da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango ya fito. Tun 1971 kuma ake haƙar yuraniyam a Arlit ta Nijar, ya yi shekaru da dama yana haska biranen Faransa, yayin da ƙauyukan da ke kewaye da mahaƙar ke kwana a duhu.

Sai batun dankali, wanda duk ɗan Filato ke da bakin magana a kai. A littafin The Martian na Andy Weir, wanda aka mai da shi fim a 2015, an bar wani ɗan sama jannati shi kaɗai a duniyar Mars, ya rayu da noman dankalin Turawa a cikin tantinsa. Manomin Bokkos ko Mangu zai yarda da abubuwa da dama a ciki: dankali na son sanyi-sanyi, shi ya sa ya karɓi tudunmu mai tsayin wajen mita 1,200, ana yanka shi a shuka kowane yanki mai ido, yana ba da abinci mai yawa a ƙaramin fili, ƙasa maras rai kuma sai an ba ta taki kafin ta yi aiki. Weir ya yi lissafin ruwa da iska da abincin kowace rana da hankali, kuma wannan ne ƙarfin littafin. Amma guguwar da ta buɗe labarin, wadda ta kusa kifar da roka, ba za ta yiwu ba, domin iskar Mars ba ta kai kashi 1 cikin 100 na kaurin tamu ba. Ko ta yi gudu, ba ta da nauyin tura abu. Marubucin da kansa ya amsa cewa da gangan ya yi. Na biyu, na'urar Phoenix ta gano a 2008 cewa ƙasar Mars na ɗauke da wani gishiri mai guba, fakuloret, wanda sai an wanke shi kafin a yi shuka. Duk da haka tunanin bai mutu ba. Cibiyar binciken dankali ta duniya da ke Peru ta gwada shuka a busasshiyar ƙasa mai gishiri cikin akwatin da aka kwaikwayi wasu yanayin Mars, dankali ya tsiro. A 2021 kuma wata ƙaramar na'ura a jikin motar Perseverance ta tatso iskar oksijin daga iskar Mars. Mu da ke da tashar binciken dankali a Kuru, kuma muke asarar gonaki duk daminar da cutar ƙunar ganye ta sauko, irin da zai jure ƙasa mai wuya ba zancen wata duniya ba ne a wurinmu.

Mars ɗin ma ta taɓa aiko mana da saƙo. Ranar 3 ga Oktoban 1962, a Zagami cikin lardin Katsina, wani manomi na korar hankaki daga gonarsa sai ya ji ƙara mai firgitarwa, dutse ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake, ya nutse cikin ƙasa. Nauyinsa wajen kilo 18. Yaya aka san daga Mars yake? A 1976 kumbunan Viking biyu sun sauka a can sun auna haɗin iskarta. Daga baya aka sami 'yan ƙananan kumfa na iska a kulle cikin duwatsu irin wannan, har da na Zagami, aka auna, haɗin ya dace da na Viking, bai dace da na duniyarmu ba. Wani babban dutse ne ya daki Mars shekaru miliyoyi da suka wuce, ɓaraguzai suka fantsama sama, ɗaya ya yi ta yawo har ya ƙare a gonar Bakatsine. A 1996 an saka ɗan ɓarɓashinsa a kumbon Mars Global Surveyor aka mai da shi wajen gida. A 2023 kuma an tsinci wani da ya fi shi girma, mai kusan kilo 25, a yankin Agadas, aka yi gwanjonsa a New York a 2025 kan sama da dala miliyan 5, gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar. Haƙa a nan, riba a can, ko da daga sama abin ya faɗo.

Akwai katangar da har yau ba a ga ƙofarta ba, ita ce ta nisa. Haske na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa. Daga wata zuwa nan daƙiƙa ɗaya da 'yan kai yake yi, daga rana minti 8 da ɗoriya, daga tauraro mafi kusa da ranarmu kuwa, Proxima Centauri, shekara 4 da 'yan watanni. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana gudun wajen kilomita 17 a daƙiƙa. Da can ya nufa, sai ya yi sama da shekara 70,000 a hanya. Ka'idar Einstein ta 1905 ta ce babu abu mai nauyi da zai kai gudun haske, kuma duk gwajin da aka yi ya tabbatar da ita. Wayar da ke aljihunka shaida ce: agogunan taurarin GPS na saɓa wa na ƙasa da wajen kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kowace rana, daidai yadda ka'idojin Einstein suka faɗa, in ba a gyara ba taswira za ta riƙa kauce wa gaskiya da kilomitoci kullum. Don haka jiragen da ke tsalle daga tauraro zuwa tauraro izini ne marubuci ya ba kansa don labari ya tafi. Ban ga laifinsa ba, muddin mai karatu ya san izini ne. Ƙarar fashewa da ake ji a yaƙin sararin sama ita ma ta masu fim ce. Inda babu iska babu abin da zai ɗauki sauti.

Tauraruwa mai wutsiya kanta, wadda kakanninmu ke ɗauka alamar mutuwar sarki ko fari, dunƙulen ƙanƙara ce da ƙura. In ta matso rana sai ta fara tururi, iskar rana ta kore shi baya, shi ya sa wutsiyar kullum take juya wa rana baya. Ta Halley ta bayyana a 1910 da 1986, za ta dawo a 2061. Yaran da ke firamare a Laranto yau, in Allah ya ja kwana, za su gan ta.

'Yan ƙasarmu masu rubutu da Turanci sun riga sun yi nisa. Binti ta Nnedi Okorafor ta ci kyaututtukan Hugo da Nebula a 2016, Rosewater na Tade Thompson ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019. Mu ma ba baƙi ba ne a ilimin lissafi: Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar littafi kan tsara lambobi a murabba'i da masana tarihin lissafi ke ambata har yau. Abin da ya rage shi ne marubutan Hausa, waɗanda suka cika kasuwa da wayoyi da labaran soyayya masu dubban makaranta, su waiwayi wannan fanni.

Gare ku nake magana, marubutan Jos maza da mata. A garin nan akwai Cibiyar Nazarin Hotunan Tauraron Ɗan'adam ta ƙasa, akwai Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa, akwai jami'ar da ke koyar da ilimin duwatsu da na lissafin halitta, akwai Hukumar Fina-finai ta Najeriya da makarantarta. Ku je ku yi sallama, ku zauna da malaman, ku tambaye su abin da zai yiwu da abin da ba zai yiwu ba, sannan ku je bakin kududdufi ku saurari masu wankin kuza. Malaman kimiyya na sakandare kuma, ku ɗauki fim ɗin da ɗalibanku suka kalla jiya ku sa su auna shi da alli a kan allo. Masu ɗab'i su sake fito da littafin Umaru Dembo, a sa shi a hannun yara.